Neman shawara: kwana 12 da motar haya a yammacin Amurka, lasisin Jamus gare ni

Baban Yasir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 14 a Hamburg, a nan na yi lasisin tuƙi. A hutun watan Agusta in Allah ya kai mu muna so mu leƙa Amurka ni da uwargida da yara biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 4. Dukkanmu fasfon Jamus gare mu. Ga yadda na tsara: mu sauka Los Angeles, mu ɗauki mota a filin jirgi mu wuce Las Vegas a ranar, sai Grand Canyon, sai Monument Valley, mu haura Yellowstone, mu gangaro ta Death Valley da Yosemite, mu ajiye motar a San Francisco mu hau jirgi. Tuƙi kam ba ya ba ni tsoro, na sha yin Hamburg zuwa Munich a zama ɗaya. Damuwata biyu ce. Za su karɓi lasisina ko sai na yi na ƙasa da ƙasa? Sai inshora, na buɗe shafin haya na ga haruffa birjik, ko ɗaya ban gane ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya haska mini.

Alhaji na Fresno: Wa alaikumus salam. Ƙanena, maganar lasisi ita ce mafi sauƙi a duk abin da ka rubuto. Mai yawon buɗe ido yana tuƙi da lasisin ƙasarsa. Ka dai je ofishin lasisi na garinku su yi maka na ƙasa da ƙasa, kuɗinsa kaɗan ne, fassara ce kawai don ɗan sandan da ba ya jin Jamusanci, kuma ba ya aiki shi kaɗai sai da na asalin.

Abin da ya sa na ajiye shayina shi ne tsarin tafiyar. Babbar mota nake ja a waɗannan hanyoyin, to bari in faɗa maka tsakani da Allah: taswira ta yaudare ka. Jihar Kalifoniya ita kaɗai ta fi Jamus faɗin ƙasa. Daga Las Vegas zuwa ƙofar yamma ta Yellowstone kusan kilomita 1,200 ne, wato Hamburg zuwa Munich sau ɗaya da rabi, sannan ka juyo ka sake cin wannan hanyar. Kwana huɗu ke nan sun tafi a kan kwalta, yara suna kuka a baya. Kuma a nan ba a sakin mota kamar yadda kuke yi a manyan titunanku. A Kalifoniya mil 65 ko 70 ne a awa, kilomita 105 zuwa 113 ke nan. Cire Yellowstone.

Sai zancen wucewa Las Vegas ranar da kuka sauka. Jirgi zai riƙe ku awa 11 ko fiye, ga bambancin awa 9. Ƙarfe 5 na yamma a Los Angeles, jikinka ƙarfe 2 na dare yake ji. Sannan ka ce za ka ja kilomita 430 cikin hamada da iyali? A'a. Ku kwana kusa da filin jirgi.

Maman Iman: Baban Yasir barka da war haka. Mu daga Kolon muka je, bari in ɗauki ɓangaren inshora. Haruffa biyu za ka nema. CDW ko LDW shi ne na lalacewar motar da ka hayo, ka zaɓi wanda ba sai ka cika komai daga aljihunka ba. Ɗayan kuma SLI, wasu su rubuta LIS, shi ne na ɓarnar da ka yi wa wani. Wannan na biyun ne mutanenmu ke sakaci da shi, don a Jamus doka ta tilasta aƙalla yuro miliyan 7.5 in an ji wa mutum rauni, sai mu ɗauka ko'ina haka ne. A can mafi ƙarancin da jiha ke nema 'yan gomman dubban daloli ne, ga asibitinsu da tsadar tsiya. Ka nemi mai dala miliyan ɗaya.

Ka kama motar tun daga nan Jamus, galibi da inshorar a cikin farashin. Ka buga takardar ka riƙe a hannu, don a kanta ɗin ma'aikaci zai yi ta cusa maka ƙari. Mu sai da maigida ya ce a'a sau uku, yana nuna masa layin da yatsa. Katin bashi na gaske za su nema, mai sunan direban. Kuma tunda ba inda ka ɗauka za ka ajiye ba, ka duba ko akwai kuɗin wannan. Kujerun yara dole ne, ƙasa da shekara 8 a kujerar baya. Mu namu muka ɗauko daga gida muka auna da kaya.

Ɗan Omdurman: Kafin mota ma, ka cike ESTA, izinin shiga Amurka ba tare da biza ba da ake nema ta intanet? Akwai tambayar ko ka shiga Sudan, Libiya, Somaliya, Yaman, Iraƙi, Iran ko Siriya daga 1 ga Maris 2011. In ka shiga, fasfon Jamus ba zai fisshe ka ba, sai ka nemi biza a ofishin jakadanci. Ni da na je ganin dangi abin da ya same ni ke nan.

Baban Yasir: Allah ya saka da alheri. Ɗan Omdurman, ban taɓa zuwa ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Alhaji, na ji maganar kwana. Amma Yellowstone ɗin fa saboda Yasir ne, tun da ya ga ruwan nan mai tsartuwa sama a talabijin ya hana ni sakat. Ba dabara?

Alhaji na Fresno: Dabarar ita ce wata shekarar ku sauka Salt Lake City, daga can awa biyar ne. Yaro in ya tsaya a bakin Grand Canyon zai manta da talabijin.

Yanzu ga abin da ke kama direbobin Turai, tunda hannun tuƙinmu ɗaya da ku sai ku saki jiki. Danja a tsallaken mararraba take rataye, ba a gefen da kake ba. In ka ce sai ka isa gindinta za ka tsaya, ka tsaya a tsakiyar titi ke nan. Layin da ke ƙasa shi ne naka. In ta nuna ja kuma dama za ka yi, ka tsaya cak, ka duba, ka wuce, sai fa in an rubuta NO TURN ON RED. In ka zauna jira, na bayanka zai cika maka kunne da ham.

Akwai mararrabar da kowane ɓangare huɗu ke da allon STOP. Wanda ya riga tsayawa shi ke fara wucewa, in kun zo tare na dama ya wuce. Tsayawar kuma ta gaske, taya ta daina juyawa.

Motar makaranta mai ruwan ɗorawa, in ta kunna jar wuta ta miƙo allonta, kowa sai ya tsaya, har mai zuwa ta gabanta, in dai ba a raba titin ba. Makarantu da yawa a nan cikin Agusta suke komawa, za ka gamu da su. A babban titi kuma ana wuce mutum ta dama da ta hagu, kullum idonka na kan madubi biyu.

Na ƙarshe, ka karanta shi sau biyu. In ɗan sanda ya kunna maka wuta a baya, ka gangara dama ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito don girmamawa. Kada ka fara laluben takardu sai ya tambaya, kuma ka gaya masa inda suke kafin ka miƙa hannu.

Maman Iman: Na manta gidan mai. Kafin a zuba ake biya. Na sa katina a jikin famfo, sai ya tambaye ni lambar unguwa mai lamba biyar, na sa ta Kolon ya ƙi. Na yi ta fama, ashe shiga ciki ake yi a ce wa mai kanti dala 40 a famfo na kaza, abin da bai shiga ba ya dawo maka. Farashin na galan ne, lita 3.8. Mai lamba 87 ya ishi motar haya. A kula, koren hannun famfo a can galibi dizal ne.

Ba'agadashe: Ni dai ban ga abin tsoro a Death Valley ba. Wanda ya tashi a Agadas wane zafi za a nuna masa? Na ratsa shi lafiya lau.

Maman Iman: Malam, kai kaɗai ka ratsa ko da 'yar shekara 4? A Agusta wurin nan digiri 46 abin yau da kullum ne, a can aka taɓa auna 56.7 a 1913. Ga wuraren da waya ba ta kamawa.

Alhaji na Fresno: Ku duka kuna da gaskiya. Baban Yasir, in za ka bi, ka bar Las Vegas bayan asuba da cikakken tanki da ruwa galan-galan, kafin 10 ka fita daga kwarin. Wajen hawan dutsen fita ta yamma za ka ga allo yana cewa a kashe esi kada inji ya yi zafi, ka bi maganarsa. In mota ta tsaya kada kowa ya taka da ƙafa neman taimako, a zauna wurinta. Daga nan ka kama titi mai lamba 395 ka shiga Yosemite ta hanyar dutse ta Tioga, a Agusta a buɗe take. Sama da mita 3,000 ne, wajen gangara ka sa ƙaramar giya, kada ka ƙona birki.

Malam Abu Hafsa: Ƙarin bayani kan sallah. Kun saba fuskantar kudu maso gabas a Jamus, to a Kalifoniya alƙibla arewa ce, ta ɗan karkata gabas. Kada ka ce manhajar ce ta rikice, ni ma na yi mata wannan zargin. Agogo kuma: Arizona ba ta canja lokaci da bazara, don haka Grand Canyon daidai yake da Las Vegas, amma yankin Nabaho inda Monument Valley yake ya fi su da awa ɗaya. Waya takan yi ta tsalle tsakanin biyun. Ƙasaru ta halatta muku. In Juma'a ta same ku a Los Angeles akwai masallacin Sarki Fahad a Culver City, ba nisa da filin jirgi.

Baban Yasir: To na sauke Yellowstone, Yasir ya yi fushi ya ƙi cin abincin dare. Sabon tsari: kwana 2 Los Angeles, 1 Las Vegas, 2 Grand Canyon, 1 Monument Valley, mu dawo Las Vegas 1, sai 1 a hanya, 2 Yosemite, 2 San Francisco. Alhaji ya ka gani?

Alhaji na Fresno: Yanzu ka yi magana, ko da yake ranar dawowa daga Monument Valley doguwa ce, awa shida zuwa bakwai, ku fita da wuri. Ku kama masaukin Yosemite tun yanzu, cika yake yi. San Francisco kuma, kuna isa ku sauke kaya a masauki ka mayar musu da motarsu. Fakin da tsada, kuma ana fasa gilashi a ɗauke jaka, musamman in an gane motar baƙi ce. In ka shigo ta gadar Golden Gate ba mai karɓar kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lamba, ka tambayi masu hayar yadda suke cajin wannan tun ranar ɗauka. Daga Yosemite zuwa gidana awa biyu da 'yan kai ne, ku biyo Hajiya ta yi muku tuwo.