Ƙudan zuma ya kusa halaka ƙanena: shin akwai allurar da ke hana hakan maimaituwa?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana da amya shida a gonar mahaifinmu da ke hanyar Dawanau, kuma ya sha harbi a baya ba tare da ya wuce ɗan kumburi ba. Makon jiya ƙudan zuma guda ɗaya ya harbe shi a wuya, kafin minti goma borin jini ya feso masa, leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya sarƙe, sai da aka yi masa allurar adiranalin a asibiti sannan ya dawo hayyacinsa. Na ji an ce akwai wata allura da ke sabar wa jiki da dafin. Mene ne gaskiyar lamarin?

Baba Mai Zuma:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa, ɗana. Mu da muka tsufa a sana'ar mun saba cewa yawan harbi ne ke taurara jiki, amma na ga wanda harbi ɗaya ya kayar bayan ya shekara ashirin yana ɗiban zuma. Ka hana shi kusantar amya tukuna.

Ma'aikaciyar Jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Malam, allurar gaskiya ce, kuma irin ƙanenka aka tanadar wa, wato wanda harbin ya taɓa numfashinsa ko ya sumar da shi. Wanda wurin harbin kaɗai ya kumbura yawanci ba ya buƙatarta. Da farko likita zai gwada fatarsa ko jininsa, galibi bayan mako 4 zuwa 6 da harbin, domin a tabbatar dafin zuma ne ba na rina ba. Daga nan ake fara yi masa allurar tataccen dafi a ƙarƙashin fata, ɗan ƙanƙani, ana ƙarawa mako-mako har ya kai maikirogiram 100, kwatankwacin harbi biyu. Idan ya kai nan, sai a koma sau ɗaya a kowane mako 4 zuwa 6, har tsawon shekara 3 zuwa 5, kuma duk ranar allura zai zauna aƙalla minti 30 a gaban ma'aikata, saboda ita kanta tana iya tayar da ciwon. Abin da ya fi damuna shi ne masu barin ƙudan zuma ya harbe su da gangan wai don jiki ya saba. Wannan ganganci ne da rai. Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku gaya wa likita duk maganin da yake sha, musamman na hawan jini, ku kuma tambaye shi adiranalin da ake sokawa a gefen cinya, wanda zai riƙa yawo da shi.

Ɗan Kurna:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Gobe Litinin zan raka shi, amyar kuwa yayanmu zai riƙa dubawa.