Neman shawara: zan iya saka fayafaina masu cike da kaya a cikin NAS ba tare da sun goge ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fayafan ajiya guda uku da na daɗe ina amfani da su a kwamfutar Windows: biyu masu 4TB, ɗaya mai 2TB. Abin da ke cikinsu ya kai wajen 5TB, hotunan iyali da bidiyo da takardun aiki. Na sayi NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake haɗawa da sadarwar gida, ƙirar Synology mai gurbi huɗu, don kowa a gida ya riƙa shiga ta waya ko kwamfuta. Shin in na zura fayafan nan kai tsaye, zan tarar da fayilolina yadda suke? Ba ni da wani wurin da na ajiye kwafinsu.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah dakata, kar ka zura ko ɗaya tukuna. Akwatin ba zai karɓi fayafan a yadda suke ba. Windows na tsara faifai da tsarin fayil na NTFS, shi kuma Synology yana amfani da wasu tsare-tsaren daban, Btrfs ko ext4, a gurabensa na ciki, kuma yana yanka wa manhajarsa ta DSM wuri a kan kowane faifai. Da ka ce ya haɗa maka rumbu, wato ya haɗe fayafan su zama ma'ajiya guda, zai gargaɗe ka sau ɗaya cewa komai zai goge, ka danna "to", shi ke nan. Haka akwatunan kamfanin QNAP suke, haka manhajar TrueNAS ma in za ta gina nata rumbun. Dole sai ka sami faifai na huɗu da za ka juye kayan a kai kafin komai.

Amsa ta biyu:
Gaskiyar ɗan uwa ce. Ni dai shawarata ka sayi sabo mai 8TB, ka saka shi shi kaɗai a akwatin da SHR, tsarin Synology na haɗa fayafai su zama rumbu ɗaya, ka kwafe komai a kansa, sannan ka riƙa ƙara tsofaffin ɗaya bayan ɗaya.

Amsa ta uku:
Yaya, a yi min afuwa, wannan hanyar za ta maƙale a tsakiya. Ƙa'idar SHR ita ce faifan da za ka ƙara sai ya kai girman mafi girma a rumbun ko ya fi shi, ko kuma ya yi daidai da wani da ke ciki. In ya fara da 8TB shi kaɗai, akwatin ba zai yarda ya ƙara masu 4TB a wannan rumbun ba, balle mai 2TB.

Juya lamarin za a yi. Mai 8TB ɗin ya zauna a waje, a gidan faifai mai haɗawa ta USB. Ka haɗa shi da kwamfutarka, ka kwafe fayafan uku a kansa, kowanne da foldarsa. Sai ka saka tsofaffin uku tare a akwatin, su goge, su zama rumbu ɗaya. SHR mai jure mutuwar faifai ɗaya zai ba ka jimillarsu ban da mafi girma, wato kusan 6TB daga cikin 10TB. Kayanka za su shiga, sai dai wurin da zai rage ba yawa. Daga nan ka soka mai 8TB a bakin USB na akwatin, yana karanta NTFS ta nan ba matsala, ka mayar da komai.

Inda haɗarin yake shi ne tsakanin goge tsofaffin da gama mayarwa: duk abin da ka mallaka yana kan faifai ɗaya tak, kuma sabo ne da ba ka san halinsa ba. Saboda haka kar ka yi kwafin ja-ka-sauke kawai. Yi amfani da manhajar kwafi ta TeraCopy ka kunna tantancewa, ko manhajar rsync in ka saba da shi, don a gwada kowane fayil da na asali. Hotunan iyali da takardu, waɗanda ba za su sake samuwa ba, ka ƙara kwafe su a wani wuri na biyu, ko da ƙaramin faifai ne. Bidiyon da za a iya sake saukewa ba sai an wahala a kansu ba.

Amsa ta huɗu:
Ƙari kaɗan. Kafin ka amince wa tsofaffin fayafan, buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba bayanan SMART ɗinsu, wato rahoton lafiyar faifai. In ka ga ya nuna rawaya, musamman kan sassan da suka lalace aka sauya musu wuri, kar ka saka wannan faifan a rumbu. Ka kuma duba lambar samfurinsu ka ga ko SMR ne ko CMR, wato hanyoyi biyu da ake rubuta bayanai a faifai. Masu SMR suna jan ƙafa sosai lokacin sake gina rumbu bayan an sauya faifai. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu fayafan WD Red masu 2TB zuwa 6TB irinsu ne. Kuma ka shirya haƙuri: in ta kebul ɗin sadarwa mai gudun gigabit za ka kwafa, wajen 110MB a daƙiƙa ake samu, 4TB kaɗai zai ci kusan awa 10, ƙananan hotuna ma sun fi haka jinkiri.

Amsa ta biyar:
Da bai riga ya sayi akwati ba, da na ce ya ɗora OpenMediaVault, manhajar da ke mayar da kwamfuta NAS, a tsohuwar kwamfuta. Yana iya buɗe fayafai da kayansu a ciki, manhajar mergerfs ta haɗa su su zama kamar guda, manhajar SnapRAID ta ba da kariya. Amma aikin hannu ne, kuma shi ma yana son ƙarin faifai da bai gaza mafi girmansu ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura kaɗan in yi saki reshe kama ganye. To bayan na gama mayarwa, sai in saka mai 8TB a gurbi na huɗu?

Amsa ta uku:
Zai karɓa, tunda ya fi su girma, rumbun ya koma wajen 10TB. Amma shi ma zai goge, ka koma ba ka da kwafi a waje. SHR na kare ka ne daga mutuwar faifai, ba daga gogewa bisa kuskure ko cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ba. Ni da ni ne zan bar shi a waje, in riƙa sabunta kwafin da Hyper Backup, manhajar Synology ta ajiye kwafi, in cire shi in an gama. Gurbi na huɗu ya jira wani mai 4TB ko sama in wuri ya fara ƙarewa.