Tufka da warwarar shekaru a Ravenloft: yaya kuka yi da ita a teburinku?

Mai Fitila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji daga waɗanda suka jagoranci wasa a Ravenloft, duniyar ban tsoro ta wasan tebur na Dungeons & Dragons, ko suka buga a cikinta, yadda suka yi da matsalar shekaru. Muna dab da kammala Curse of Strahd, littafin wasa na 2016, kuma 'yan wasana sun ce idan Hazon da ya kewaye ƙasar ya hana fita ya buɗe ba gida za su koma ba, sauran ƙasashen za su leƙa. Da na jera tsofaffin littattafai da sababbi sai lissafi ya ƙi zama. Littafin 2016 ya ce Strahd, mai mulkin ƙasar Barovia, ya zama mashayin jini a shekarar 351 ta kalandar Barovia, yanzu kuma ana 735. Tsohon akwatin littattafan Ravenloft na 1990 ma a 735 ya ajiye labarinsa, to nan babu rigima. Amma tsofaffin littattafan ba su tsaya nan ba: sun wuce 740, sun wuce 750, har 755, ƙasashe sun ɓace, birni guda ya mutu. Shi kuwa Van Richten's Guide to Ravenloft na 2021 ya yayyanka ƙasashen, kowace ta zama tsibiri a cikin Hazo, Falkovnia da na sani a hannun Vlad Drakov ta koma hannun mace, Vladeska. Akwai wata a teburina da ke rubuta duk shekarar da aka ambata, kuma za ta tambaya. Na fi son in ba ta amsar da za ta ƙara mata tsoro, ba wadda za ta kashe mata jiki ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana abin da ya yi da abin da ya biyo baya.

Dattijon Akwati

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka nemi dalili a cikin labari, ka san dalilin da ke waje, domin shi zai kwantar maka da hankali. Lokacin da Tracy da Laura Hickman suka fitar da Ravenloft a 1983, labari ɗaya ne na fada ɗaya da ƙauye ɗaya, babu wata duniya a bayansa. A 1986 aka yi na biyu, The House on Gryphon Hill, inda Strahd ya rabu biyu, mai haɗa magunguna da dodo, har aka bar ƙofa a buɗe cewa ɗaya labarin yana iya zama mafarkin ɗayan. Sai a 1990 kamfanin TSR ya tattara ya mai da su duniya mai taswira da kalanda. Daga nan kaya ya yi ta sauya hannu: Wizards of the Coast suka sayi TSR a 1997, aka ba kamfanin Arthaus izinin bugawa daga 2001, sannan aka dawo da shi gida. Marubuta da yawa, shekaru kusan arba'in. Dole a sami karo.

Abin da nake yi shi ne in zaɓi littafi ɗaya in naɗa shi alƙali. Duk abin da ya faɗa shi ne gaskiya a wurina. Sauran littattafan ba na jefar da su, sai in mai da su abin da mutanen ƙasar ke faɗa, ko abin da wani ya rubuta da wata manufa.

Ga wanda ya fi yi mini daɗi. Tsohon lissafi ya ce an haifi Strahd a 299, na 2016 ya ce 306. Na sa 306 a jikin allon dutse a cikin fadar, inda shi Strahd ɗin ne ya ba da umarnin sassaƙawa. Na sa 299 a wani ruɓaɓɓen littafin haihuwa da suka tsinta a ɗakin ibada. Ban ce komai ba. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya yi ɗan lissafi da fensir, ya ɗago ya ce, "Mutumin nan ya rage wa kansa shekara bakwai." Shi ke nan, tebur ya yi tsit. Domin sun riga sun karanta littafin da Strahd ya rubuta da hannunsa, sun san abin da ke cin sa shi ne ƙuruciyar ƙanensa Sergei, da yadda Tatyana, budurwar Sergei da shi ma yake so, ke kallonsa a matsayin tsoho. Mai shekara 52 da ya sa aka sassaƙa dutse don a ce 45 yake. Babu wani bayani da zan yi musu da baki da zai nuna musu halinsa kamar wannan, kuma marubuta biyu da ba su daidaita lissafi ba ne suka ba ni shi kyauta.

'Yar Tarokka

Baba Dattijo, wannan ya yi kyau ƙwarai, zan ara. Ni a Darkon abin ya same mu, kuma can ba sai ka ƙirƙiro komai ba, tsofaffin littattafan sun tanadar maka. Darkon ta bayyana ne a 579, lokacin da Azalin, matsafin da ya zama sarkinta, ya bar Strahd bayan zaman da suka yi tare tun 542. Ke nan a 735 shekarunta 156 kacal. Amma mutanenta suna da kakanni da kaburbura da labarin abin da ya faru tun kafin nan, domin duk ƙasar da Hazo ya haifa tana zuwa da tarihinta na ƙarya, mutanen ciki kuma sun yarda da shi har zuci. Darkon ta ɗara saura da abu ɗaya: baƙon da ya yi 'yan watanni a cikinta yakan manta asalinsa, ya wayi gari yana ganin nan aka haife shi.

Na keɓe da ɗaya daga cikin 'yan wasana na tambaye shi ko ya yarda jaruminsa ya faɗa wannan. Ya yarda. Jarumin ɗan Barovia ne, kowa a tebur ya san sunan ƙauyensu. Sannu a hankali ya fara cewa "garinmu" idan ana maganar garin da suka sauka a Darkon. Wata rana ya ce su jira shi, zai je ya gaida mahaifiyarsa. Suka bi shi har maƙabarta. Ya durƙusa gaban wani kabari yana share ganyen da ya rufe sunan, shekarar da ke jikin dutsen kuma ta girmi ƙasar kanta. A aljihun abokiyar tafiyarsa akwai wasiƙar da ya rubuta da hannunsa zuwa ga mahaifiyarsa ta gaske, wadda ke raye a Barovia. Ta miƙa masa, ya karanta, ya ce rubutun ya yi kama da nasa amma bai san matar ba. Wadda ke buga abokiyar tafiyar tasa sai da ta nemi mu ɗan dakata, idanunta sun ciko.

Daga ranar duk shekarar da suka gani a jikin gini ko takarda sai sun tambayi kansu wa ya rubuta, kuma kafin 579 ne ko bayanta. Yaya Mai Fitila, mai rubutun nan taka ita ce za ta fi kowa cin moriyar Darkon.

Ɗan Hanya

Ni ɗan wasa ne, ban taɓa jagoranci ba, kuma ina so a ji ɓangarenmu. Na zauna a teburin da komai aka tambaya amsar ɗaya ce: "Hazo ne." Mun yi binciken kisan kai a wani gida, mun tattara wa ya fita da wane lokaci, muka gano mai aikin gidan ba zai yiwu ya kasance a wuri biyu ba. Muna murna mun kama bakin zare, aka ce mana lokaci ba ya tafiya daidai a nan. Tun daga nan muka daina rubuta komai. Me za ka rubuta? Tsoron ma ya tafi, saboda in babu abin da yake tsaye, babu abin da zai girgiza ka idan ya motsa. Roƙona ga jagorori: ƙarnuka su yi ta karo da juna, ba damuwa, amma daren da muke ciki ya zama sa'o'insa a jere suke.

Dattijon Akwati

Gaskiyarka ɗana. Ni ma ƙa'idata ke nan. Duk karon da na bari 'yan wasa su gani, ina da amsarsa a rubuce a bayan allona, ko da ba za su taɓa kaiwa gare ta ba.

Uwar Hankaka

Ban yarda dole sai an zaɓi littafi ɗaya ba, Malam Dattijo, ka yi mini afuwa. Ni duka biyun na yi amfani da su, na jera su gaba da baya. Mun fara a 735 da tsohuwar taswira, inda ƙasashe ke manne da juna, mutum ya hau keken doki daga Barovia ya shiga maƙwabta. Tsofaffin littattafan sun ce a 740 aka yi babbar girgizar da suka kira Grand Conjunction, inda Azalin ya kusa fasa kurkukun, wato Ravenloft, baki ɗaya, da abin ya lafa taswira ta sauya: Gundarak ta shige cikin Barovia da Invidia, wani ƙaton rami mai duhu ya buɗe a tsakiyar ƙasashen. Ni kuwa na ce a teburina girgizar ba ta lafa da sauƙi haka ba, ta tarwatsa komai, abin da ya rage shi ne tsibiran da littafin 2021 ya zana. Da haka 'yan wasa suka ga duniyar biyu da idonsu, suka san abin da aka rasa.

Inda ya fi taɓa mu shi ne akwai jaruma 'yar Gundarak. Bayan girgizar ta yi ta tambayar hanyar gida, babu wanda ya taɓa jin sunan. Taswirar da ke jakarta kaɗai ke da ƙasar. Sai da ta kai ga tana biyan mawaƙa su saka sunan a waƙa don kada ya mutu, kuma ita ta kawo wannan da kanta, ba ni ba.

Batun Drakov kuwa, ban ce Vladeska 'yarsa ce ko jikarsa ba, don hakan ya yi sauƙi da yawa. Tsofaffin sojojin Falkovnia a teburina suna rantsuwa ita suka yi wa aiki tun farko. Sai dai wani tsoho ɗaya, idan ya bugu, yakan ce "shi" a maimakon "ita", ya kuma rasa dalilin da ya sa jikinsa ke rawa. Abin da ke rubuce a wurina shi ne Ikokin Duhu, ɓoyayyun da ke tsare da masu mulkin ƙasashen a matsayin fursunoni, sun gaji da fursuna ɗaya sun sauya shi da wani, suka gyara tunanin ƙasar gaba ɗaya, gyaran bai kama wasu sosai ba. Haka na yi da Lamordia, inda Victor Mordenheim ya zama Viktra. Wannan nawa ne, ba na littafi ba, kada wani ya je yana nema.

Mai Fitila

Hajiya Uwar Hankaka, tambaya ɗaya: da kika yi haka, 'yan wasan da suka san tsofaffin littattafan ba su yi gardama ba?

Uwar Hankaka

Ɗaya ya yi, ƙanena. Na ce masa duk abin da ya karanta jaruminsa ma ya ji shi a matsayin jita-jita, yana da damar ya bi diddigi a cikin wasa. Ya bi kuwa, shi ya gano tsohon sojan.

Baƙon Krynn

Ba a taɓo lokaci tsakanin duniyoyi ba, kuma nan ne mu muka sha fama. Hazo yana ɗauko mutane daga ko'ina, kuma ba ya duba kalandar kowa. Babban misali shi ne Lord Soth na duniyar Dragonlance. Littafin labari na 1991, Knight of the Black Rose, ya kawo shi Ravenloft, ya sami ƙasar Sithicus a 720. Amma Margaret Weis da Tracy Hickman, masu asalin Dragonlance, ba su karɓi tafiyar tasa ba, a wurinsu yana nan a Krynn, duniyar ta Dragonlance. Sai a wani littafi na 1999 aka mai da shi gida. Ke nan akwai shekarun da mutum ɗaya yake wuri biyu, gwargwadon littafin da ka buɗe.

Jarumanmu biyu daga Krynn suke. Ɗaya ya ce kwanan nan aka ga Soth a fadarsa ta Dargaard, ɗayan kuma ga shi tsaye a gaban Nedragaard a Sithicus, mutanen wurin na cewa shekaru goma sha biyar ke nan yana mulkinsu. Jagoranmu bai warware mana ba, sai ya ƙara ɗaure ta. Nedragaard dama kwaikwayon Dargaard ce da ba ta fita daidai ba, sai ya sa jarumin da ya san tsarin asalin fadar ya riƙa lura: ƙofa ta koma hagu, matakala ta ƙaru da ɗaya, hoton bango ya juya fuska. Daga baya muka fahimci abin da yake nufi, cewa tarihin Soth ɗin ne kansa ake yi masa azaba da shi, ana sauya masa shi kaɗan-kaɗan har ya kasa riƙe laifinsa yadda ya aikata shi. Har muka bar ƙasar ba mu san ko na gasken muka gani ko inuwarsa ba, kuma babu wanda ya ji an cuce shi, saboda duk abin da muka lura da shi ya kai mu wani wuri.

Wanda ke son ganin yadda ake wasa da lokaci da gangan ya nemi Castles Forlorn na 1993. Fada ɗaya ce a zamani uku, kana buɗe ƙofa ka fita daga wani ƙarni ka shiga wani, ka ga ɗakin yana sabo, ka gan shi ana zaune a ciki, ka gan shi kufai. Jagoranmu ya yi mana taswira uku a takarda mai shara-shara, yana ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma duk wanda ya ajiye abu a tsohon zamani yakan je ya duba ko yana nan a na baya.

'Yar Tarokka

Yaya Baƙo, abin da aka ajiye ɗin kullum ana samunsa, ko wani lokaci wani ya riga ku ɗauka?

Baƙon Krynn

An taɓa riga mu, 'yar'uwa. Mun ɓoye wuƙar azurfa a ƙarƙashin dutsen murhu, da muka dawo a zamanin kufai muka tarar da ramin babu komai sai wata 'yar takarda da sunayenmu a jiki, tawadar ta kusa gogewa don tsufa. Sauran wasan gaba ɗaya neman wanda ya rubuta ta muka yi.