"Ba a fafe gora ranar tafiya": ta hau kan jarrabawar buɗe littafi?

Ɗan Kabuga: Salamu alaikum, malamai da yayye. Wasu ɗalibai na cewa tunda jarrabawar ta intanet ce kuma an yarda a buɗe littafi, karin maganar nan "ba a fafe gora ranar tafiya" ba da su take ba, ai goran na hannunsu. Haka ne?

Malam na Gwammaja: Wa alaikumus salam, ɗana. Su fara sanin mene ne fafewa. Gora ko ya bushe, cikinsa cike yake da 'ya'ya da ɗaci. Sai an yanke bakinsa, an ƙwaƙule cikin, an jiƙa shi kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, kafin a sha ruwa daga cikinsa. Littafi mai shafi 300 da ba ka taɓa bi ba, gora ne da ba a fafe ba. Yi lissafi: tambaya 40 cikin minti 60. Ware minti 5 na sake dubawa, kowace tambaya ta tashi daƙiƙa 80 da 'yan kai. Lalube a littafin da ba ka sani ba kan ci minti 3. Ka yi haka sau goma, rabin lokacinka ya tafi.

Fafewar ita ce takarda ɗaya, gaba da baya: kowane batu da lambar shafinsa, kowace dabarar lissafi da ma'anar haruffanta da ma'auninta. Da hannunka za ka rubuta, domin a wajen rubutawar ne karatun ke zama a kai. Sannan malami ya san littafin na gabanka, ba zai ce ka kawo ma'anar abu ba. Matsala zai ba ka ya ce ka warware, ko ya ce ka kwatanta abu biyu. Amsar irin wannan ba ta kwance a shafi guda.

Anti Tarauni: Malam, Allah ya ƙara sani, amma kun taƙaita goran. Gora kayan tafiya ne, ba ilimin hanya ba. A wurina karin maganar ta fi hawa kan kayan aiki. A Moodle, manhajar da makarantu ke yin jarrabawar intanet a kanta, da ka danna farawa agogo ya tashi, ko intanet ta yanke ko an ɗauke wuta ba ya jiran kowa. A cika cajin kwamfuta da waya tun ana gobe jarrabawa, a tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban kowanne da data, a gwada shiga da lambar sirri kwana ɗaya kafin ranar. Wani abin da ke kayar da yara shi ne handawut ɗin da aka ɗauka a hoto aka mayar PDF. Ctrl+F, maɓallan neman kalma a cikin rubutu, ba ya ganin komai a cikinsa, don hoto ne ba rubutu ba. A buɗe shi da Google Docs ya mayar da shi rubutu, a kuma sauke komai a kan kwamfuta.

Yaya Fagge: Anti ta yi gaskiya, in ƙara ɗaya. A tambayi malami tun wuri: wane littafi aka yarda da shi, na takarda ko har na kwamfuta? In da manhajar tsaron jarrabawa ta Safe Exam Browser za a yi, yana kulle kwamfutar gaba ɗaya, fayilolinka ba su buɗuwa, sai abin da ka buga a takarda. A kuma tambaya ko ana komawa baya. Wasu malamai na saita tambayoyin a jere, wadda ka tsallake ta tafi ke nan.

Ɗan Kabuga: To wanda ya makara fa? A faɗa masa karin maganar ranar jarrabawa?

Malam na Gwammaja: A'a. Gargaɗi ce, wurinta mako guda kafin ranar. In ka faɗa wa wanda ya riga ya zauna gaban kwamfuta, ta koma gori. Shi abin da za a ce masa: fara amsa waɗanda ka sani ba tare da taɓa littafi ba, ka yi wa sauran alama, sannan ka dawo da littafi in tsarin ya bari.

Anti Tarauni: Kuma kada ya ruga WhatsApp neman amsa. Buɗe littafi daban, haɗa baki daban, na biyun maguɗi ne. Ga shi ana yawan hautsina jerin tambayoyi da zaɓuɓɓuka, "B" ɗin abokinka ba naka ba ne. Kwafe sakin layi daga littafi kai tsaye ma Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na iya kama shi, a rubuta da kalmomin kai. In amsar ta hannu ce da za a ɗauki hotonta a tura, a bar mata minti 10, a haɗa shafukan cikin PDF ɗaya, a duba girman fayil bai wuce iyakar da aka sa ba. Bayan turawa a ɗauki hoton allo mai nuna lokaci, shi ne shaidarka in aka ce aikinka bai iso ba.