Gwiwar Hajiyarmu: yau sauƙi, gobe ciwo

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekararta 68. Da asuba gwiwarta ta dama takan sage kamar minti goma, sai ta ɗan zaga tsakar gida ta saki. Tashi daga sujada kuwa sai ta dafa bango, kana jin ƙas-ƙas. An ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsi ne ya cinye. Abin da ya ɗaure min kai, takan yi wata guda lafiya lau, sai ciwon ya dawo. Gaba yake yi ke nan?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Haka amosanin gaɓɓai yake, yana lafawa yana tashi, kuma a hankali yake tafiya, cikin shekaru. Hoton ma ba ya auna zafi: wani gwiwarsa ta lalace sosai amma yana zuwa kasuwa. Alamar ya yi nisa ita ce ciwo ko tana kwance da dare, ko ƙafar ta fara gwame.

Maman Iman:
Tawa uwar a kujera take salla yanzu. Da kyar ta yarda, wai kunyar jikoki! Amma kada ku bar Hajiyarku zaune wuni guda, cinya ce ke riƙe gwiwa. Ta riƙa miƙe ƙafa tana ƙirga goma.

Abu Sadiq:
Kuma a guji haɗin kemis. Maganin ciwon nan Diclofenac na sha yana taɓa ciki da ƙoda ga tsofaffi, na shafawa ya fi sauƙi. In gwiwar ta kumbura da zafi har da zazzaɓi, asibiti ranar nan.

Ummu Khalil:
Na gode, Allah ya saka. Kujerar ce dai za a sha daga da Hajiya.