Laba 30 ko 50? Cacar baki kan bakan arha a zauren 'yan baka na Kumasi

Sanusi Aboabo: Salamu alaikum. Yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Masu kawo bakuna daga waje suna cutar yaranmu. Yaro bai taɓa jan tsarkiya ba, a ɗora masa baka mai nauyin ja laba 50 wai shi ne na maza, ya ja sau goma kafaɗa ta ɗauki zafi, ya tura shi ƙarƙashin gado. Amfanin baka mai kwancewa gida uku ai shi ne mariƙi ɗaya, rassa kuwa a canza. A sayi rassa masu laba 25 ko 30 a yi wasan harbin alama da su har hannu ya zauna, sannan a ƙaro masu 45 don daji. Lambar da ke jikin reshe a jan inci 28 aka auna ta, duk incin da ka ƙara kusan laba 2 ce ta hau. Bakan Samick Sage mai tsawon inci 62 ana samun rassansa daga 25 har 60. To me ya sa kullum 50 ake tallata mana?

Hajiya Ramatu: Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, wasa ka ce? A gasar Olamfik daga mita 70 ake harbi, faɗin alamar santimita 122, da'irar tsakiya 12.2 kacal, kuma kibiya 72 ake saki a zagayen tantancewa. Janye kalmar nan.

Baba Iddi: Wasa ne mana, 'yata. Takarda ba ta gudu, ba ta jin warin mutum, ba ta jin ƙarar tsarkiya ta zabura.

Hajiya Ramatu: Baba, da girmanka. Wanda bai iya tara kibau shida a faɗin tafin hannu daga mita 18 ba, in ya shiga daji sai dai ya raunata gada ta je ta mutu a inda ba mai ganinta. Wannan ne ba wasa ba?

Awudu Asawase: Hajiya ta gama magana.

Fuseini Sawaba: Ba ta gama ba. Bakanku na gasa da sandunan daidaito da ma'aunin saiti, tsawonsa inci 68 ko 70, shiga da shi cikin gonar koko mu gani. Bakan Black Hunter inci 60 ne, ya fi Sage arha, ya fi shi rashin nauyi, a kwance shi ya shiga jakar goyo.

Sanusi Aboabo: Jama'a, nauyin ja nake magana.

Awudu Asawase: Yaya Fuseini, gajeren baka yana matse yatsu. Mai dogon hannu da jansa ya wuce inci 29, ko Sage ɗin ma yana yi masa tauri a ƙarshen ja, nauyin ya riƙa hawa da sauri. Irinsa Spyder XL mai inci 64 ya dace da shi. Kuma Sage yana da ramukan ɗaura ma'aunin saiti da sandar daidaito tun daga kamfani, ƙusoshin rassansa da yatsa ake murɗa su. Naka sai an nemo makullin alan.

Fuseini Sawaba: Makullin alan da ake sayarwa ko'ina a Suame, unguwar makanikai, shi ne abin gori? Mai ɗaura ma'auni a baka ai ya tabbatar da maganar Baba.

Baba Iddi: Mu dai a da, itace ne da tsarkiyar jijiya ko fata, kibiyar kyauro, maƙeri ya ƙera kai, a shafa dafi. Ba wanda ya san laba.

Malam Tanko: Baba, dafin ne yake yin aikin, shi ya sa bakan bai buƙaci ƙarfi ba. Yanzu kuwa doka ta hana farauta da dafi, ta hana da fitila da dare. Saura kaifi da nauyin kibiya. Ga baka mai laba 45, kibiya gaba ɗayanta ta kai giram 26 zuwa 29, kai mai baki biyu wanda zai aske gashin hannu, kuma kada a wuce mita 15 zuwa 20. Kibiya marar nauyi tana barin ƙarfin a cikin rassa, baka ya yi ta ƙara yana girgiza hannu, kusan kamar a saki tsarkiya ba kibiya, abin da kan iya fasa reshe nan take. A tuna kuma, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a ƙasar nan ta Ghana, akrantie kaɗai aka ɗage wa, shi ma da lasisin ofishin kula da namun daji.

Fuseini Sawaba: Gyazbi ake cewa, Malam. Akrantie na Asantawa ne.

Malam Tanko: Je kasuwar naman daji ta Atwemonom ka tambayi gyazbi ka ga ko za a kula ka.

Hajiya Ramatu: Har yanzu ba a janye ba. Ga abin da masu raina harbin alama ba sa koya. Tazarar tsarkiya da wuyan mariƙi a Sage inci 7 da rabi zuwa 8 da kwata ce. In ta yi ƙasa, tsarkiya ta riƙa dukan damtse, sai a cire ta a murɗa ta ƙara gajarta. Sabuwar tsarkiyar zaren Dacron tana miƙewa, don haka a sake aunawa bayan harbin farko. Maɗaurin gindin kibiya a sa shi kamar rabin inci sama da saitin mazauninta, in ba haka ba kibiya ta tafi tana rausaya sama da ƙasa. Taurin kibiya ma lissafi ne: kibiya mai ƙaramar lamba a jikinta ta fi tauri, laba 30 tana son wajen 700 ko 600, laba 45 wajen 500, gwargwadon tsawon kibiyar da nauyin kanta. A bar mata inci ɗaya ko biyu fiye da janka. Mai harbi daga kan kafaɗar mariƙi kai tsaye ya sa gashin tsuntsu, na roba yana bugun itace ya karkatar da ita. Duk wannan a gaban takarda ake gane shi, Baba.

Baba Iddi: Allah ya yi miki albarka. Wasa ne dai mai lissafi.

Awudu Asawase: Da Black Hunter ake samun reshe ya murɗe, kowa ya sani.

Fuseini Sawaba: Wa ya sani? Kawo hoto. Reshe yana murɗewa ne in an sa ƙafa an tanƙwara baka wajen ɗaura tsarkiya, ko an jingina shi tsaye a lungu. Igiyar ɗauri mai aljihu biyu ake sawa, a taka ta, a ɗaga mariƙi, a zura kunnen tsarkiya a gurbinsa. Kuma kowane baka, ko na wane kamfani, a bar shi a but ɗin mota cikin zafin ranar kasuwar Kejetia, gam ɗin da ya haɗa itace da faiba zai saki.

Awudu Asawase: Hoto yana wajen wani abokina.

Fuseini Sawaba: Mutanen Asawase ke nan. Kullum shaida tana wajen aboki.

Awudu Asawase: Ka fitar da unguwa a ciki. Kai da kake goyon bayan Hearts, ƙungiyar ƙwallon Accra, a cikin Kumasi, me za ka faɗa wa mutane kan zaɓi?

Malam Tanko: Kai, ku bari. Mai son ya huta da rigimar kamfani ya ƙara kuɗi ya sayi mariƙin ILF, rassan kowane kamfani mai wannan tsari suna hawa. Na Sage da Black Hunter ƙusa ake ɗaure su da ita, ba a musanya su da juna. Tsarkiya kuma a shafa mata kakin zuma, damina da hunturu duka suna cinta.

Sanusi Aboabo: An tashi daga arha an koma ƙara kuɗi. Ko mutum ɗaya bai taɓa maganata ba.

Alhaji Bawa, shugaban zaure: To, dare ya yi, in taƙaita. Na ɗaya, dattijonmu Baba Iddi ya yi bayani mai gamsarwa cewa asalin baka na daji ne, harbin alama share fage ne. Na biyu, an amince Black Hunter ya wadatar, tunda ba a kawo hoton ko reshe ɗaya da ya murɗe ba. Hajiya ta kawo wasu lambobi, mai buƙata ya koma sama ya duba. Batun Malam Sanusi kuwa ban ga wanda ya goyi bayansa ba, saboda haka namiji ya ɗauki 50 ya saba da ita. Akwai guda huɗu da suka iso wurina makon nan, mai so ya biyo ni ta gefe.

Hajiya Ramatu: Alhaji, su waye suka amince?

Sanusi Aboabo: Huɗun nan, laba nawa ne?

Alhaji Bawa: Duka 50. An rufe zaure sai da safe.