Shawarwarin iyaye a Agege kan haƙoran 'yan makaranta

A zaman iyaye da malamai a Agege, magana ta fi tsayawa kan alawa da lemun kwalba da ake saidawa a ƙofar makaranta. Tsotsar zaƙi duk yini ita ke huda haƙori, don haka aka ce a ba yara gyaɗa da ruwa lokacin hutu.

A goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), ɗan kamar ƙwayar wake. Yaro ya tofar, kada ya kurkure.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne turamen dindindin suna fitowa ne wajen shekara 6, mu kuwa muna ɗauka za su faɗi. Shi ya sa aka roƙi makaranta ta riƙa gayyato likitan haƙori sau 2 a shekara ya duba su. Mai kogo a haƙori kuma a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba.